Lahadin da Na Bi Gangi

Ni ne mai buga ƙarfe a majami'armu. Majami'ar ma dai ɗakin jinka ne a gefen gidajenmu, tsakanin Kibiya da Rano, ƙarfen kuwa wani guntun jikin mota ne da aka rataye a reshen ɗorawa. Malamin da ke yi mana wa'azi ne ya ba ni aikin. Ya ce tunda hannuna ya saba da duka, gara ya daki abin da ba ya jin zafi.

Bai yi mini ƙazafi ba. Kafin in karɓi Yesu ɗan farauta ne ni, Bamaguje ɗan Bamaguje, kuma zuciyata a kusa take. Ranar baftismata na zuba layuna da guraye da kambuna a wuta, kowa yana kallo. Abu biyu na hana: karena, da gorata mai zoben ƙarfe a kai. Na ce wa Malam gora ai ba tsafi ba ce, itace ce. Ya dube ni kawai.

Ina da aboki. Tare aka yi mana kaciya, tare muka fara shiga daji, shi kuwa bai bar hanyar kakanni ba. Shekara biyu ina bin sa da zancen Almasihu, a gona, a hanyar kasuwar Rano, har a bakin tuwo. Ina son sa, kuma ba na son in shiga Aljanna ba tare da shi ba. Wata rana ya gaji ya ce, "Kai, ka ishe ni! Ai na san ka ciki da bai. Ranar da aka kaɗa gangi kana ji, ka zauna a ɗakin nan naku har aka tashi, to ka shimfiɗa mini tabarma, na zo."

Gangi shi ne gangar mafarauta. Wanda bai taɓa bin sa ba ba zai gane abin da abokina yake nufi ba.

Da ranin shekarar da ake ta zancen Turawa za su tafi, aka sa farauta a dajin da ke bayan duwatsun Rurum, kuma ta faɗo ranar Lahadi. Na yi murna, na ce yau na kama shi. Da sassafe na shimfiɗa sabuwar tabarma a kusa da wurin zamana, na fita na buga ƙarfe da ƙarfin da har tsuntsaye suka watse daga ɗorawa.

Muna cikin waƙar farko gangi ya iso. Makaɗin nan mugu ne, ya san ni, yana zuwa daidai gidajenmu ya juya kiɗan zuwa takena. Bakina yana waƙa, ƙafata tana bin wani abu dabam. Karena ya zo bakin ƙofa yana kuka yana tonon ƙasa. Na ce a raina, bari in kai shi gida in ɗaure, kada ya dami masu sujada. Ka ji fa irin ƙaryar da mutum ke yi wa kansa, a gaban Allah kuma. Na isa gida, ga gora a bayan ƙofa. Na ce to, in leƙa in dawo kafin wa'azi.

Da hantsi ya dubi ludayi ina tsakiyar daji, ba riga.

Aka cinna wa ciyawa wuta. Wata gada ta fito a guje, karena ya sha gabanta ya cafke maƙogwaronta. A ƙa'ida wanda karensa ya fara kamu shi ke da nama, amma kowa ya san a daji ƙa'idar ba ta wuce ƙarfin hannunka ba, ana ƙwace. Na taka gadar na yi kirari, kirarin da na rantse na bari. Mutum uku daga wani ƙauye suka taso mini. Na farkon na sauke masa gora a tsintsiyar hannu, na ji ƙashin ya ce ƙas, ya durƙusa yana ihu. Na biyu ya sare ni da barandami a kafaɗa, jini ya wanke mini ƙirji. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Shekara biyu ban ji irin wannan daɗin ba. Karnuka suna yagar juna, mutane suna ta sara, hayaƙi ya rufe ko'ina. Sai wani ya rungume ni ta baya yana ja na. Ban waiwaya ba. Na juya kan gorar na aika da shi ta saman kafaɗata da iyakar ƙarfina.

Hannuwan suka sake ni. Da na juya, abokina ne a ƙasa, ya dafe fuska, jini da wani farin ruwa suna bin tsakanin yatsunsa. Ashe na ukun ne ya zaro wuƙa ta gefena, abokina ya gani, ya zo ya janye ni.

A baya na goyo shi har Kibiya wurin wani tsohon wanzami. Ya wanke wurin, ya girgiza kai, ya ce idon dama ya fashe. Yana ɗaure mini kafaɗa ya ce, "Yaro, ba kai ne mai buga ƙarfen nan da muke ji ranar Lahadi ba?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya kyauta." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kashegari na je gaishe da abokina, matarsa ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce, "Ka san jiya da safe ya sa rigarsa ta biki? Ya ɗaure karnukansa. Ya je ya laɓe a bayan ɗorawarku, ya ce in gangi ya wuce ba ka fito ba zai shiga. Da ya ga ka fito, ya dawo ya tuɓe rigar, ya kwance karnuka."

Na koma gida na sa gorar a murhu. Malam ya shigo ya tarar da ni ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya zauna tare da ni har ta cinye, zoben ƙarfen kaɗai ya rage a toka. Bai tuna mini cewa itace ce ba.

Abokina bai riƙe ni a zuciya ba, wannan ma ya fi komai ciwo. Mun ci gaba da cin tuwo a akushi ɗaya, ya zo sunan 'ya'yana duka. Gangi ya sha wucewa ina zaune a majami'a, ban ƙara motsawa ba, kuma duk Lahadi ina shimfiɗa tabarmar nan. Bayan shekaru, muna hutawa a gona, na yi ta maza na ce, "Aboki, maganar nan tamu fa, ta Yesu."

Ya juyo mini da ɓangaren fuskarsa na dama, ya nuna ramin da yatsa.

"Faɗa wa wannan," in ji shi.

Ya rasu a kan hanyar kakanni, da hannuna na tona kabarinsa. Tabarma uku na sauya a wurin nan, ba wadda ya taɓa zama a kai.