Ƙwaryar Yaya Ɗanladi

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ɗanladi, masunci a kogin Wudil, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Masu yabonsa yanzu su ne suka kore shi daga ruwa.

Zamanin da kuɗin fetur suka shigo, aka riƙa rabon maganin feshin gona a arha. Sabo, abokin kamun kifin Yaya, shi ya fara tsiyaya shi a gurbin kogi. Kifi ya taso fari fat, ana kwasa ba jefa koma ba wahala. Kowa ya ce arziki ya zo.

Yaya bai kalli kifin ba. Jatan lande ya kamo, masu ƙwai a ƙarƙashin ciki, waɗanda tun kakanninmu mayar da su ruwa ake yi. Ya zuba su a ƙwarya da ruwan gurbin. Iyayen suka rayu, ƙwan ya ƙyanƙyashe, amma 'ya'yan a karkace suke iyo, suna juyi wuri ɗaya har su kwanta. Ya kai ƙwaryar bakin kogi, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Uwa ta sha, ɗa ya mutu. Baɗi me kifi zai ci?"

Masunta suka yi masa dariya, suka ce aljanun ruwa sun taɓa shi. Suka yayyaga masa koma, suka hana shi gurbin mahaifinmu. Ya koma ƙwadago a gonakin Utai, can ya rasu da baƙin ciki. Na tsani abin da suka yi masa, kuma ban yafe ba.

Da zai dawo yau, da ya tarar da Alhaji Sabo na sayar da kifin ƙanƙara a bakin kogin da ya kashe. Jatan lande kuwa sai busasshe na Kudu, a shagunan Sabon Gari.

Bana Alhajin ya zo addu'ar tunawa da Yaya, yana ta "Allah ya jiƙan mai gaskiya." Ihu bayan hari! Da ya nemi ruwa, na ɗauko ƙwaryar nan, ita kaɗai Yaya ya bar mini, na cika ta.

"Na ina ne?" ya tambaya.

"Na gurbinku ne, Alhaji. Bismillah."

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sai ya ajiye, ya ce azumi yake yi.