Juma'ar da Fuskar Yaya Ta Tsaya

Akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da kuwa na manta sauran kwanakin rayuwata. Shekaru sun ja, amma har yau in ina magana da mutum a waya na ga hotonsa ya tsaya cak, sai gabana ya faɗi.

Ni malamin makaranta ne a Wurno, kuma gara in faɗi aibina da bakina tun da wuri: ina da son a sani. In sabon abu ya shigo gari, so nake a ce a gidana aka fara ganinsa. Mahaifinmu kuwa manomi ne a wani ƙauye kusa da Tursa, can ƙasar Rabah, mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce e, e ce. In ya juya maka baya, to sai ka yi da gaske kafin ka sake ganin fuskarsa.

Yayana, wanda nake bi, shi ya gamu da wannan halin. Baba ya ba shi wata fadamar albasa a bakin gulbi, wadda shi ma gadonta ya yi, ya ce ya noma ya riƙe iyalinsa. Yaya ya sayar da ita ba da sanin kowa ba, ya yi guzuri ya tafi Umara, ya zauna can yana aikin ƙarfi. Takardunsa ba su ba shi damar ya zo gida ya koma ba. Shekara bakwai Baba bai kama sunansa ba. In ta kama dole, sai ya ce "wancan".

Ni ne nake gaisawa da Yaya. Ina da wata 'yar na'urar intanet irin ta aljihu, da nake ratayewa a ƙusa jikin tagar ɗakin maiɗakina. Ba ta da sauri ko kaɗan, hoto dishi-dishi yake zuwa kamar ana kallon mutum ta cikin hayaƙi. Amma murya tana fita, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, sai na riƙa ɗauko shi zuwa asibiti a Wurno, ya kwana gidana ya koma. Wata rana bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ya daɗe yana jan carbi, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan, shina lahiya?"

Na ce lafiya lau yake.

Ya ce, "In da hali, ka haɗa ni da shi. Jikin nan ba ya yi mani daɗi."

Jama'a, na'urar nan tana rataye, taku biyar tsakanina da ita. Da na miƙe a lokacin, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Amma sai iyayina ya motsa. Na ce a raina, shekara bakwai ba su ga juna ba, sannan in haɗa su a hoto mai hazo? Na ce, "Baba, ka ba ni zuwa dawowarka asibiti. Za ni samo babba, wadda za ka gan shi tar awa shina gabanka." Ya ce, "To, kai ka sani." Dawowar tasa sai bayan mako biyu.

Na shiga Sakkwato na canza zuwa tsari mai sauri, aka haɗo ni da wata farar na'ura mai ƙahoni da ake kira rauta, aka kuma turo mutumin da zai kafa ta. Tsohuwar na aika wa ƙanwata da ke aure a Goronyo, har da cewa ni na wuce ajinta. Mutumin ya zagaya ɗakin da wayarsa a hannu, ya tsaya nan ya tsaya can, daga ƙarshe ya ɗora ta a bakin taga ya ce a bar ta nan. Na ji shi sarai, amma na ɗauka magana ce kawai irin ta masu aiki. Ranar kam abin ya yi gudu har na kira maƙwabta su zo su gani.

Washegari maiɗakina ta tsaya tana kallonta ta ce, "Malam, abu mai daraja haka a bar shi bakin taga, kaji na hawa, yara na taɓi? Ai wurinshi kabad na."

Wanda ya san ɗakin matanmu ya san abin da take nufi. Duk abin da mace take ji da shi, a kabad yake: jeren samiru, tukwanen alminiyum da ba a taɓa ɗora su a wuta ba, farantan ƙarfe, ga madubi a baya yana ninka su. Nan baƙo yake fara kai ido in ya shigo. Maganarta ta yi mani daidai ƙwarai. Ta matsar da tukwane ta yi wa rautar gurbi a tsakiyarsu, ta saƙa mata 'yar shimfiɗa, har da wani ƙyalle mai ado ta yafa mata don ƙura. Ni da hannuna na huda bayan kabad ɗin na zura waya zuwa wuta. Bayan kabad ɗin kuwa katangar ƙasa ce mai kauri, irin ginin da.

Tun daga ranar abin ya fara wasa da hankalina. Yanzu ya zo da gudu, anjima ya ɗauke kamar an yanka da wuƙa. Abin da ya rikita ni shi ne, in na duba wayata sai in ga alamar waifai, mai nuna ƙarfin haɗuwa, a cike taf. To in alama a cike take, laifin wa? Na kamfani mana. Na kira su ya fi a ƙirga. Na yi faɗa, na yi Turanci, na ce sun ga ɗan ƙauye sun sayar masa da iska. Wata mai amsa kira, baiwar Allah mai haƙuri, ta ce daga wajensu komai lafiya, ta tambaye ni a ina na ajiye rautar. Na ce mata, "A wuri mafi kyau a gidana." Ta ce to madalla. Wallahi haka muka yi da ita.

Ranar Juma'ar ta zo. Da safe abin ya yi aiki lafiya, sai na saki jiki. Da na ɗauko Baba, a hanya ya tambaye ni ko abin zai yi, don ya sha jin ana cewa waya tana yankewa. Maimakon in ce in Allah ya so in yi shiru, sai na cika baki. Na ce, "Baba, waccan ta da ita ka yankewa. Wagga ba ta yankewa, sai in mutum ya kashe da kainai." Ya gyaɗa kai.

Bayan an sauko daga masallaci ya ƙi cire babbar rigarsa. Ya ce a ba shi turare ya ƙara, ya gyara zaman hularsa, ya zauna a kan darduma kamar mai jiran babban baƙo. Maiɗakina ta fice zuwa madafa saboda kunyar suruki. Na jingina wayata da matashi a gabansa, na kira.

Fuskar Yaya ta fito tar, har furfurar da ta fara tsiro masa a gemu ana gani. Ni kaina sai da na ji daɗi a raina, na ce ka ga aiki. Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ka tsuhwa."

Yaya ya ce, "Baba, ina wuni? Ya jiki?"

Na ga maganar ta uba da ɗa ce, ba ta kamata in tsaya a kansu ba, sai na ja da baya na tsaya a bakin ƙofa, inda nake jin murya amma ba na ganin fuskar wayar. Baba kuwa ya sunkuyar da kai. Haka dattawanmu suke, ba sa kallon idon mutum in za su faɗi magana mai nauyi. Yana kallon darduma ya ce, "Gona ƙasa ta, ƙasa kuwa ta Allah ta. Na riƙe ka a rai shekara bakwai, ban ga abin da ya ƙara mani ba. Na yahe maka duniya da lahira. Kai ma, in na yi maka wani abu, ka yahe mani."

Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani mahaluki gafara ba sai ranar. Hawaye suka zubo mani.

Ya ɗago kai yana jiran amsa. Shiru. Ya ce, "Ba ka ji ni ba?" Shiru. Na matso da sauri na leƙa. Fuskar Yaya tana nan, baki a rufe, gira a haɗe, ido ƙur a kan Baba, ko ƙiftawa babu. Hoton ya daskare tun ban san yaushe ba, kuma ya daskare a kan fuskar da ta fi kama da ta mai fushi. Kafin in kai hannu, allon ya yi baƙi.

Baba ya ce a hankali, "Ya kashe."

Na ce, "A'a Baba, sabis na, wallahi sabis na ya ɗauke."

Ya dube ni ya ce, "Ba kai kac ce wagga ba ta yankewa ba?"

Na yi rantsuwa, na yi bayani, amma duk abin da na faɗa sai ya zama kamar ina kare ɗan'uwana ne. Yaya ya yi ta kira ta layin waya, na miƙa wa Baba, ya kawar da kai. Ya ce, "Na hwaɗi abin da za ni hwaɗi. Ba ni roƙon ɗana sau biyu." Da gari ya waye ya ce a mai da shi gida.

Da na yi magana da Yaya, ashe bayan gaisuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Na faɗa masa abin da Baba ya ce, ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ɗauki saƙon murya mai tsawo ya turo, yana neman gafara, yana rantsuwa bai kashe waya ba. Saƙon ya sauka a wayata ranar Asabar da azahar. Ƙauyenmu ba sabis, amma saƙon da ya riga ya sauka ba ya bukatar sabis. Maiɗakina ta ce, "Malam, ka hau babur ka kai mishi yanzu. Kahin magariba ka dawo."

Na ƙi. Na ce saƙon murya bai isa ya goge abin da Baba ya gani da idonsa ba, bari a gyara rautar in ɗauko shi su yi magana fuska da fuska. Haka na faɗa mata. Amma yau da nake rubuta wannan na san gaskiyar: so nake in wanke kaina, Baba ya ga abin da na saya yana aiki.

Ranar Talata mutumin da ya kafa rautar ya dawo. Ya duba bakin taga bai gan ta ba. Na nuna masa kabad da alfahari. Ya tsaya, ya riƙe haɓa, ya ce, "Malam, wa yas sa ta cikin tukwane?" Ya yi mani bayani cewa alamar da nake gani a cike ta tsakanin wayata da rautar ce kawai. Ita kuwa rautar da ƙarfen sabis na bakin gari take magana, kuma wannan mai saurin ba ta jure shinge kamar tsohuwar. Mun kewaye ta da ƙarfe, mun sa mata madubi da katanga a baya, mun kuma lulluɓe ta. Ya ciro ta ya mayar bakin taga. Ko minti biyu bai yi ba. Tun daga ranar ba ta sake yankewa ba.

Maiɗakina ta koma madafa ta zauna ta yi tagumi. Na bi ta na ce kada ta ɗora wa kanta, ita ta kawo shawara, amma ni aka ce wa a bar ta a taga, kuma ni na huda kabad.

Na shirya zan ɗauko Baba ranar Juma'a. Ranar Alhamis da hantsi ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Wani maƙwabcinmu ne daga ƙauye, a kan babur, ko saukowa bai yi ba. Baba ya cika bayan sallar asuba. Na bi gawarsa zuwa makwanci da wayata a aljihu, saƙon Yaya yana ciki, kwana biyar ke nan.

Har yau in muka yi waya da Yaya, kafin mu yi sallama sai ya ce, "Maimaita mani abin da yac ce." In maimaita masa kalma bayan kalma. Ya ce, "Duniya da lahira?" In ce duniya da lahira. Sau ɗaya tak ya taɓa tambayata ko Baba ya ji saƙonsa. Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce bai ji ba, kuma ni na hana. Sai ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai sake tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi mani ciwo fiye da a ce ya zage ni.

Abin da na koya ban same shi da sauƙi ba. In an ba ka amanar sada mutum biyu, musamman in ɗayansu tsoho ne, kada ka tsaya jiran kayan aiki su yi kyau, kuma kada ka cusa son a yabe ka a ciki. Ka kai maganar a ranar, da abin da ke hannunka, ko da murya ce mai shaƙewa. Sau biyu Allah ya ba ni dama, sau biyu na ce a jira in gyara. Yaya ya samu gafararsa ta bakina. Baba kuwa ya roƙi ɗansa gafara, ya tafi yana zaton an hana shi.