Inna Mai Guga da Gefen Zanin Gado

Hayaƙi ya riga ya cika barandar bene lokacin da Lele, yarinya 'yar shekara biyar, ta sauko a guje ƙafa ba takalmi.

"Inna! Inna! Tukunyarmu ta kama wuta, Mama ta ƙi tashi!"

Inna Mai Guga ta zare wayar dutsen guga daga bango, don ko gari zai tashi ba ta barin sa a kan rigar mutane. Ta haye bene da gwiwoyin da likita ya hana hawa, ta kashe risho, ta kifa wa tukunyar murfi, ta bubbuɗe tagogi. Maman Lele tana zaune bakin gado, takardar saki a cinyarta. Sati uku ke nan tana kallon takardar nan.

Tana jiran a tambaye ta abin da ya faru. Kowa shi yake tambaya. Inna kuwa zanin gadon ta kalla.

"Ɗaga min, 'yata, in wanke wannan. Gobe ƙarfe bakwai ki sauko ki karɓa. Ni ba na kai wa kowa kaya sama."

Ƙarya ce. Shekara talatin tana kai wa duk mutanen gidan kayansu har ƙofa. Da asuba take buɗe shagonta a ƙasan benen, ta ware farare gefe, ta laluba aljihuna, ta jiƙa, ta shanya a bayan gida. Da dutsen gugan nan ta raini 'ya'ya uku ita kaɗai bayan rasuwar mijinta.

Kafin la'asar labarin hayaƙi ya kai kunnen gwaggon Lele, yayar uban. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, mayafi a hanci.

"Nan da sati biyu zan dawo. In na tarar da ɗakin nan haka, da yarinyar zan tafi."

Washegari Maman Lele ta sauko don gudun surutu kawai. Ta tarar zanin ya bushe amma ba a ninke ba. Inna ta miƙo mata gefe biyu.

"Riƙe. Zanin gado ba ya ninkuwa da mutum ɗaya. Ja baya. Ƙara ja. Haba 'yar nan, ja da ƙarfi mana, ba gaisawa kuke yi ba!"

Suka ja, suka kaɗa, suka tako har hannuwansu suka haɗu. Gefen ya fita a karkace.

"Sake. Idonki a kan gefen. Wanda ya tafi ba ya cikin zanin nan."

Sau huɗu suka sake. Da za ta hau, Inna ta ce, "Gobe ma ki zo. Ina da na wasu."

A rana ta huɗu, daidai haɗuwar hannu, Maman Lele ta kifa fuska a zanin makwabta ta fashe da kuka. Inna ba ta saki gefenta ba, ba ta kuma ce ta yi haƙuri ba.

"Yi abinki. Dama bai gama bushewa ba."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan, karo na farko tun zuwan takardar.

Daga nan kullum sai Inna ta sallame ta da aiki ɗaya tak. Yau kofuna. Gobe taje kan Lele, wayar hannu a kife. Jibi share ƙarƙashin gado. "Abu ɗaya. Ki gama shi, ki tsaya ki kalle shi, sannan ki zauna ki sha shayinki da zafinsa." Ranar shara ce takardar ta koma cikin akwati.

Gwaggo ba ta jira sati biyun ba, saura kwana biyu ta faɗo ba sanarwa, har da jakar da za a zuba kayan yarinya. Ta shafa tebur da yatsa ta duba. Ta leƙa tukunya. Maman Lele ba ta saki tawul ɗin da suke ninkewa da 'yarta ba.

Lele ta ɗago. "Gwaggo, riƙe nan. Ja baya. Ba haka ba, da ƙarfi! Ba gaisawa kuke yi ba!"

Gwaggo ta tsaya da gefen tawul a hannu, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta sha ruwa, ta ce a rage wa yarinya baki, ta tafi da jakarta yadda ta zo da ita.

Ke ce, Inna, ba ki taɓa tambayar mace laifin wa ba. Ke ce mai shagon magani na kusa ya ƙirga mata tara da suka shiga wurinki kai a sunkuye suka fito suna gyara ɗankwali: matar direba, ma'aikaciyar jinya, yarinyar da ta haihu wata biyu bayan jana'izar mijinta. Mai wankin da ba ta tsaya ga tufa ba! Ke da kika ninke naki zanin ke kaɗai, kina kama gefe ɗaya da haƙori, kika ƙi yarda wata ta yi haka a gabanki.

Wannan makon gwiwoyi sun yi nasara, Inna ta ajiye dutsen guga. Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya, ya sa 'ya'yanki su riƙe miki gefe. Ku kuma masu karatu, in akwai ƙofar da ta kwana biyu a rufe a gidanku, ku bar tambaya, ku nemi abin da za a riƙe tare.

Ranar rufe shago, Maman Lele tana taya ta kwashe kaya, sai wata baƙuwa ta tsaya a ƙofa: goyo a baya, igiyar takalmi a tsinke, tana waige-waige.

"Nan ne wurin Inna? Don Allah ku rufe ƙofa. Mijina ya ga motar da na hau."

Inna ta kalli Maman Lele, ta nuna zani na ƙarshe da ke kan tebur.

"Sa sakata, 'yata. Sannan ki ba ta gefe."