Gayaunata Mai Wutsiya

Duk ran da na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa a tukunya, sai in tuna gayaunar da Kaka ta yanka mini a gindin dutsen Kagoro. Ni ɗiyar 'yarta ce, an kawo ni gidan bayan rasuwar mamata. Ɗayar jikar, sa'ata, ɗiyar ɗanta ce, 'yar gida. Ka riƙe wannan, don nan ciwon yake.

Da ruwan farko ya sauka, Kaka ta kai mu wani fili tsakanin rafi da hanyar ƙafa, su biyun suna tafiya a jere ba sa haɗuwa. Ta yanka mana gayauna biyu, kowace mai kusurwa uku, gindi a bakin rafi, tsini a bakin hanya. Ta 'yar'uwata a tsaye take cif kamar jinkar rumbu. Tawa kuwa gonar doyar kawuna ta tare mata gaba, sai ta karkace kamar jinkar da iska ta tura. Kusurwa ɗaya ta wangale, sauran ta ja siririyar wutsiya har gindin ɗorawa.

Na duba, na ce a raina, to, ga rabon bare. Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ce. Na dai daina sa hannu a kwanon tuwon acca tare da kowa.

Kaka ta ƙyale ni har muka ta da kunyoyi. A gicciye muke yin su, bin rafi, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ran nan sai ga ta da igiya.

Ta ce, "Ke mai kumburin baki, riƙe nan."

Ta auna kunyar farko a gayaunar 'yar'uwata, ta ƙulla, ta zo ta shimfiɗa a tawa. Daidai. Ta hau ta gaba, daidai. Haka muka yi ta hawa, igiya na gajarta, har kunyoyinmu suka ƙare tare a bakin hanya.

Kaka ta ce, "To ina ragin?"

Na ce ai tawa siririya ce.

Ta ce, "Kwanciya kawai ta yi, kamar kawunki in ya sha burkutu. In ya kwanta raguwa yake yi?"

'Yar'uwata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta miƙe tana cewa ashe ma tawa ta fi tsawon gefe. Kaka ta ce, "Gefen za ki dafa?"

Da yamma na ci tuwo har na siɗe kwano.

Yanzu wurin duk an yanka fuloti masu kusurwa huɗu, bulo ya hau kai, rafin ma sai da damina ake ganinsa. 'Yar'uwata tana Kafanchan wurin ɗanta, haƙoranmu duka sun zube. In mun haɗu a biki ko a coci, har yau sai ta ce ni Kaka ta fi so, ni aka ba mai tsawo. Ni kuwa ba na musa mata. Ina jin daɗin jin haka.