Shanun Yumɓu da 'Ya'yan Hajiya

Shekarar da sojoji suka sake karɓe mulki, lakwal, wato makarantar boko, ta yi ta buɗewa tana rufewa har muka gaji da tambaya. Yau malamai na yajin aiki, gobe sun koma, jibi sun sake fita. Ni abu ɗaya ya dame ni. Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe, ta taɓa faɗuwa sartifika, jarrabawar gama firamare, kuma daraktan lakwal ɗin ya faɗa mini baki da baki cewa bana ce damarta ta ƙarshe, shekarunta sun kai. In ta samu ta wuce kwaleji, in ta faɗi ta dawo gida ke nan.

Na taɓa shiga kwaleji kafin aure, don haka na ce ba zan zauna ina kallo ba. Maigidan yana bin kasuwanni da kayan koli, yau Sanam gobe Damana, bai cika kwana gida ba. Na sa kafinta ya shafa wa wani katako baƙin fenti, na jingine shi a gindin itacen bedin da ke tsakar gida. Da an karya kumallo sai ita da ƙanenta su zauna a tabarma, mu yi lissafi, mu yi dikte, wato shifta, ina karantawa suna rubutawa. Dikte ɗin nan shi ya kayar da ita bara, don a lokacin kuskure kaɗan za ka yi su zabga maka sifiri.

Sai dai akwai autana, ɗan shekara uku, wanda Allah ya zuba wa ƙiriniyar gidan duka. Ya ci alli. Ya yaga kaye, littafin rubutun yayarsa. In na fara karanta jimla sai ya hau wuyan yayarsa yana ihu. Duka bai yi masa komai ba, sai ƙarin kuka, ga shi kukansa ya fi ɓarnarsa hana karatu.

Dole na nemo masa abin yi. Na haɗa wake da tsakuwa a faifai na ba shi ƙoƙo biyu, na ce ya raba mini, abincin rana yana jiransa. Ya zauna yana tsinta da fuskar babban mutum. Na huda gindin gwangwanin tumatir da ƙusa, na tara masa rairayi, yana zubawa yana kallon yadda yake tsiyaya. Mai shayin bakin tasha ya tara mini murafen kwalba, na huda su, yaron yana zura su a zare. Na karɓo ƙyallaye wurin tela yana ɗaura wa kara zane da ɗankwali. Amma abin da ya fi kama shi yumɓu ne. Ƙanen maigidan ya ɗebo mana a bakin tabki, na nuna masa yadda ake murza saniya, a yi mata tozo, a soka ƙaya biyu a matsayin ƙaho. Wallahi sai ya yi tun hantsi har azahar bai ce uffan ba, yana jera garkensa a rana. Ɗiyata ta fara samun kanta, kurakuran suka soma raguwa, har na ga tana murmushi in na miƙa mata kaye.

To, katanga ɗaya ta raba mu da Hajiya, matar mai shagon atamfa. Mace ce da ba ta da aiki sai kwanciya a tabarma da rediyo a kunne, goro a kunci, haƙorin Makka a waje don kada wani ya manta ta je. Ranar da ta leƙo ta gan ni da yumɓu har gwiwar hannu, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Madam, mi na ka gani haka? Ke da kinka yi boko, kin koma ginin tukwane?"

Ta bi gidajen unguwa tana ba da labari, wai matar mai koli ta buɗe lakwal ta laka, wai ina koya wa ɗana tsintar wake kamar kaza. Na ji, na yi banza da ita.

Ba a yi sati ba sai ga yaranta biyu a ƙofa, hanci duk majina, wai Hajiya ta ce su zo su ga shanu. Kashegari suka dawo da ɗan ƙanwarta. Kafin wata ya ƙare matan da suka taya ta dariya duk sun gano hanyar gidana. Ba mai sallama ta ce don Allah, ba mai aiko ko da ƙwaryar fura. Da gari ya waye sai a kaɗo mini su, iyayen su koma su miƙe ƙafa. Lakwal ta laka ta zama abin so ke nan!

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce me ya hana ki kore su. A Filinge ba a korar ɗan maƙwabci. In ya shigo ya shigo, in an sauke tukunya da shi za a ci. Wadda ta rufe ƙofa da rana tsaka, sunanta ya ɓaci ke nan har jikokinta. Na gwada wa maigidan maganar, ya ce, "Ke dai ki yi haƙuri. Ni kullum ina bisa hanya. Ran da wani abu ya same ku, su wa za su fara shigowa?" Ya ɗauki jakarsa ya bi motar Tabla ya bar ni da su.

Sai aikina ya koma biyu. Waken da na ba yaro ɗaya ya natsu, yara takwas suka mai da shi abin jifa. Wani ya cusa tsakuwa a hanci. Suka tattake garken autana, ya yi ta birgima a ƙasa, shi da na samu ya yi shiru. In ina tsakar dikte na ce "buɗe baka biyu" sai in ji an fasa kuka a bayan rumbu, in ajiye littafi in tafi rabon faɗa. Na ƙara yumɓu, na ƙara gwangwanaye, na raba su gida biyu, duk a banza. Ɗiyata na zaune da bik ɗin rubutu a hannu tana jiran sauran jimla.

Na shiga wurin Hajiya da lalama, na ce jarrabawa ta matso, ko za a riƙe yaran zuwa azahar.

"Ayya Madam, ai su ne ba su zama. Ke kinka saba musu. Kuma yara ai albarka ne, ko ba ki son albarka?"

Ta faɗi haka tana kwance, ko tashi zaune ba ta yi ba.

Abin da ban yafe ba shi ne goyon. Hajiya tana da jariri mai rarrafe. Wata safiya ta shigo da lulluɓi da turare, za ta barkar haihuwa, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya kan ɗiyata.

"Ke 'yan mata, tashi ki riƙe mini ƙanenki, yanzu in dawo."

Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta ce wa babba a'a. Ta dube ni, ni kuma don kunya na mai da idona kan littafi, ta tashi ta goya shi. Yanzun Hajiya sai bayan la'asar. Daga ranar ya zama kullum: yau suna, gobe gaisuwar rasuwa, jibi kitso. Matar nan ba gidan da ba ta da hidima a cikinsa sai nata. Ɗiyata ta riƙa yin dikte a tsaye tana jijjiga, ɗan yana jan ɗankwalinta, ya yi mata fitsari a baya ta je ta sake zane ta dawo mun manta inda muka tsaya. Na karɓe shi na goya da kaina, ya ƙi, ita ya saba da ita. Da Hajiya ta ji haka har daɗi ta ji, wai jininsu ya haɗu.

Aka yi jarrabawa farkon damina. Ranar sakamako muka tafi filin lakwal, mutane cike, wani mushe cikin malamai ya hau tebur yana kiran sunayen waɗanda suka samu. Ina riƙe da hannunta. Aka kira ɗiyar mai gyaran keke, aka kira ɗan limamin unguwarmu, ana ta guɗa. Mutumin ya kai ƙarshe ya sauko daga tebur. Ba ta yi kuka a wurin ba, sai da muka shiga gida. Daga baya malaminsu ya ce mini lissafinta ya yi kyau, dikte ne.

Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Matan unguwa suka shigo jaje ɗaya bayan ɗaya, kowace da bakinta: haka Allah ya so, boko ai ba na kowa ba ne, ga shi duk wahalar Madam ta tashi a banza. Waɗanda 'ya'yansu suka cinye mini shekara su ne masu ba ni haƙuri.

Washegari da hantsi ina shara sai ga Hajiya, yara biyu a gaba, jariri a kafaɗa. Ɗiyata tana zaune bakin ƙofar ɗaki, idanunta a kumbure.

"Madam, sai haƙuri. Amma wani abin alheri ne. Tunda karatun ya ƙare, ai yanzu ta samu hannu."

Na jefar da tsintsiya. Na buɗe baki zan faɗa mata abin da na haɗiye wata da watanni, ko da za a daina gaishe ni a unguwar. Ban kai ga furta kalma ba ɗiyata ta miƙe. Ba ta dubi kowa ba. Ta kwance zanenta na sama, ta juya baya ta duƙa, Hajiya ta ɗora mata shi.