Ramin Muruci a McLeansville

Ƙamshin jar ƙasa da aka jiƙa da ruwan buta nake fara tunawa. Shekarar 2003 ce, a gidan da muke haya a McLeansville ta ƙasar Amurka, wata biyu da zuwan Kaka, mahaifiyar Baba, daga Gaya. A ƙasan akwatinta, cikin tsofaffin zannuwa, ta ɓoyo ƙwallon giginya guda bakwai. Ba wanda ya sani sai da ta baje su a tsakar falo.

A wurin Kaka giginya ita ce gida. Da azararta aka rufe ɗakin da aka haife ta, da ganyenta ta koyi saƙar tabarma. Amma muruci ta fi kewa, wato tsiron da ƙwallon ke turawa cikin ƙasa, a tono a dafa. Ta sa aka haƙa rami a bayan gida, tsawonsa kamu biyu, ta jera ƙwallayen, ta rufe, ta kewaye tudun da duwatsu. Kullum bayan sallar asuba sai ta fita da farin mayafinta, ta zuba ruwa, ta daɗe a tsaye tana motsa baki da lazimi.

Ni da farko sha'awa abin ya ba ni. Ina shekara goma sha bakwai, nakan zauna a taga ina hasashen doguwar giginya ta tsaya tsakanin itatuwan nan masu ganye kamar allura. Sai ranar da na dawo daga makaranta na hango wurin daga titi. Kabarin jariri sak.

Maƙwabcinmu, wani dattijon Bature da ba ya yawan magana, shi ma ya gani. Ya daina ɗaga mana hannu. Wata Asabar ya zo bakin shinge ya tambaye ni me muka binne. Na nemi sunan muruci da Turanci na rasa. Na ce abinci ne. Ya dubi tudun, ya dube ni, ya juya.

Takardun zaman Baba sun ƙare tun bara, maganar tana hannun lauya. A masallaci ana ta labarin waɗanda aka tsayar kan ƙaramin abu, daga nan ba su dawo gida ba. Lauya ya gargaɗe shi kada ya bari ɗan sanda ya sami dalilin tambayar sunansa. Ga shi shigo da iri daga waje ma laifi ne.

Mama ta roƙi Kaka ta kwashe duwatsun ko ta rage tsayuwa a wurin. Kaka ta yi dariya, ta ce ashe a ƙasar nan har ƙasa ma sai da biza take haihuwa. Baba ba ya iya yi wa mahaifiyarsa musu, sai ya sunkuyar da kai.

A watan Satumba motar 'yan sanda ta wuce ta ƙofar gidanmu a hankali. Bayan kwana biyu ta sake wucewa, ta ɗan tsaya gaban gidan maƙwabcin. Mama ta saki labule kafin mu ci tuwo.

Ranar Juma'a Mama ta ɗauke mu ni da Kaka zuwa gidan wata Hajiya a Sedgefield, muka wuni. Da muka dawo da la'asar, wurin tudun ya zama fili, har an baza ciyawa a kai. Baba ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, na duba su. Duk sun ruɓe. Ƙasar nan laka ce, tana riƙe ruwa."

Kaka ta dubi farcensa da ya yi ja. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri." Ta shige ɗaki da butarta.

Motar ba ta ƙara zuwa ba, ko kuma ban ƙara lura ba. Kaka ta koma Gaya kafin sanyi, tana faɗa wa kowa ƙasar Amurka ba ta karɓar giginya.

Sai bayan rasuwarta, ina da 'yata ta fari, Mama ta gaya mini cewa biyar daga cikin ƙwallaye bakwai ɗin sun tsiro. Murucin ya kai tsawon tafin hannu, fari tas, lokacin da Baba ya ɗaure su a leda ya jefa a kwandon sharar wurin aikinsa.