Almakashin Kyaftin Lachie

An ce in rubuta wani abu a kan Lachie MacAskill, tunda ni ce na fi kowa daɗewa da shi. To, ba waliyyi ba ne. Gajeren mutum ne mai taurin kai, mai shan shayi baƙi kamar kwalta. Shekara ashirin da bakwai ina dafa abinci a jirgin ruwan da yake tuƙawa, bai taɓa ce mini miya ta yi daɗi ba. In ya cinye ya miƙo kwano, yabon ke nan.

Jirgin sunansa Eala, kuma ba namu ba ne, na wani kamfani ne. Masu hannu da shuni ke ɗaukar shatarsa na mako guda daga tashar jiragen ruwa ta Oban, mu zaga da su tsibirai. Ɗakin baƙi uku ne, da farin zanen gado da kofunan gilashi masu siririn wuya. Ma'aikata mu biyu ne kawai. Shi yana kan sitiyari da filafilai, ni ina kicin, ina gyaran gado, ni ce kuma mai kai baƙi tudu a ƙaramin kwalekwale mai inji.

A tsibirin Marasay aka haife shi. Yana da shekara goma sha ɗaya mahaifiyarsa ta rasu, cikin wani lokacin sanyi da teku ta hana likita ƙetarowa har kwana ashirin. Da bazara ta zo, mutum goma sha tara da suka rage suka tattara komatsansu suka bar tsibirin ga tsuntsaye. Mahaifinsa ya hana a ambaci sunan wurin a gida. Lachie ya yi kamun kifi, ya bi manyan jiragen kaya ya zaga duniya, sai da ya haura arba'in ya ji ana neman matuƙi ga wani jirgin alfarma da Marasay ke cikin zangonsa. Don haka ya nemi aikin. Bai faɗa ba, amma na sani.

Ranar farko da muka shiga mashigin tsibirin ya gane abin da ya sayo wa kansa. Ƙasan ruwan wurin dutse ne da ciyawar teku ta lulluɓe, anka, ƙugiyar da ke tsayar da jirgi, ba ta kamawa da kyau. In iska ta juyo daga gabas, cikin minti goma jirgi ya hau duwatsu. Doka kuma a bayyane take: matuƙi ba ya barin jirgi a irin wannan wuri. Ni ban iya juya jirgi mai tsawon mita ashirin ni kaɗai ba. Lokacin sanyi da yake da hutu, ba mai iya zuwa can. Da bazara kuwa yana aiki.

Haka ya zauna. Sau takwas ko tara a shekara yana kawo baƙi ƙofar gidansu, su sauka da kwandon kifi da ƙaguwa da ruwan inabi, su ci a cikin kangon cocin da aka yi masa baftisma, shi yana tsaye a kan jirgi yana kallon sama.

Maƙabartar tana can yamma, bayan tudu, inda ba a hango ta daga mashigi, kuma ba jirgin da ke kusantar gefen saboda duwatsu. Tun shekarar farko ya miƙo mini wani almakashin sausayar tumaki, bai dube ni ba.

"In kin gama ciyar da su, ki ƙetara. Layi na biyu daga bango, kabarin mahaifiyata, Peigi MacAskill. Ki rage mata ciyawa."

"Ni kuku aka ɗauke ni, ba mai shara ba," na ce.

"Ai girkin naki ma ba wani girki ba ne. Riƙe."

Na riƙe. Shekara goma sha takwas ina yanke ciyawar nan, ina kankare gansakuka daga jikin dutsen. In na dawo yakan karɓi almakashin, ya goge koren da ya manne a bakinsa, ya shafa mai, ya tambaya: "Yaya take?" Ni kuma in ce: "Tana nan, ba ta je ko'ina ba."

Sai aka yi wata shekarar guguwa. Da bazara na ƙetara tudun kamar kullum, na tarar ba bango. Teku ta cinye gaɓar. Layi uku na kaburbura sun tafi, sai wani rami mai zurfi da ruwa ke bugu a ƙarƙashinsa. Na tsaya a bakin wurin da almakashi a hannu. Ni mace ce da aka sani da faɗin gaskiya, har mijina marigayi yakan ce harshena ya fi wuƙar kicin ɗina kaifi. Amma ranar na durƙusa, na yanki ciyawar da ba ta kan kabarin kowa har bakin almakashin ya yi kore, na koma.

"Yaya take?"

"Tana nan," na ce.

Shekara tara na yi ina wannan. Baƙi kuwa nakan kora su arewa wajen tsuntsaye, in ce musu hanyar yamma taɓo ce, kada wani ya dawo yana ba da labari a kan tebur.

Shekarar da ya cika saba'in likita ya auna idonsa ya ce ba za a sabunta masa takardar tuƙi ba. Shatarmu ta ƙarshe a watan Satumba ce. Wani ɗan ƙasar Holan ne ya ɗauka, Mista Hoekstra, dogon tsoho mai dariya da ƙarfi, shi da matarsa da abokansu. Shekara talatin da biyar ya yi yana shigo da manyan jirage tashar Rotterdam. Tun kwana na biyu shi da Lachie suka fara gardama a kan ɗaurin igiya, alamar jininsu ya haɗu ke nan.

Da safen da muka saki anka a Marasay, teku kwance take kamar an yi mata guga. Mista Hoekstra ya ga Lachie yana wasa almakashi, ya tambaya, Lachie kuwa, abin da bai taɓa yi da baƙo ba, ya gaya masa.

"Shekara nawa?" in ji Mista Hoekstra.

"Hamsin da tara rabona da taka wurin."

"Haba Kyaftin! Jiragen da na tuƙa, wannan naka a aljihunsu zai shige. Takarduna suna cikin jakata in kana son gani. Tafi ka gai da mahaifiyarka, ni zan riƙe maka abin wasan naka."

"Doka ta hana."

"Su kore ka mana. Kwana uku ya rage maka!"

Lachie ya dubi sama ta kowace kusurwa. Ya ƙwanƙwasa ma'aunin iska da yatsa. Sannan ya sauka ɗakinsa. Ni ina tsaye da tire a hannu. Da ya fito, sanye yake da baƙin takalmi na zuwa coci, yana ƙyalli. A jirgin nan ba a taka katako da takalmi mai tauri, ko attajiri sai ya tuɓe ya sa a kwando. Ban taɓa sanin yana da irinsa a ciki ba. Ashe yana can ƙasan akwatinsa tun shekarar farko.

"Me kike kallo, Ishbel? Ba ki taɓa ganin ƙafa ba?"

"Ban taɓa ganin taka a wanke ba," na ce.

Na kai baƙin tudu, na dawo na ɗauke shi. Ya zauna a gaban kwalekwalen yana fuskantata, almakashi a kan cinya. Tafiyar minti shida ce. Na ce a raina in mun kai rabi zan faɗa masa. Muka kai rabi ban faɗa ba. Har ana ganin matakalar dutsen da suka sauka ta kai yana yaro.

"Har yanzu ana iya karanta sunan?" ya ce. "Ko gansakuka ta ci?"

Na buɗe baki. Ƙaryar da na yi shekara tara ina yi, ranar ta ƙi fitowa. Sai na sunkuya ina taɓa igiyar inji, alhali ba abin da ya same ta.

Ya daɗe yana kallona. Idon da likita ya ce ba ya gani. Sannan ya ɗaga kai, ya juya kumatu gabas.

"Iska za ta juya. Mayar da ni."

"Wace iska? Ko gashin kaina ba ya motsi."

"Ke kuku ce ko matuƙiya? Juya kwalekwalen nan."

Da na ce masa a'a, da na ce, "Lachie, teku ta ɗauke ta, amma zo ka ga wurin da idonka," wataƙila da ya taka ƙasarsu. Ban ce ba. Na juya kwalekwalen, kuma ba zan ɓoye ba, sanyi na ji a raina. Wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Mista Hoekstra ya tarye mu yana ɗaga hannuwa. "Me ya faru kuma?"

"Ba na barin jirgina a hannun mutumin da bai iya ɗaura igiya ba," in ji Lachie. Ya tuɓe takalmin ya sa a kwando tare da na baƙi. Ya miƙo mini almakashin. "Je ki rage mata ciyawa."

Iska ba ta zo ba ranar, ba ta zo ba washegari.

Ya rasu a watan Fabrairu, a kujerarsa, rediyo na karanta hasashen yanayin teku. Bai taɓa aure ba. 'Yar ƙanwarsa Mairi, ma'aikaciyar jinya, ita ta zo gidana da wata takarda da ya rubuta da hannunsa. A ƙone gawarsa, a binne tokar a gefen kabarin mahaifiyarsa. A ƙasa ya ƙara: Ishbel ta san wurin.

"Anti Ishbel, za ki kai ni?"

"Zauna tukuna," na ce. Na zuba mata shayi, na gaya mata duka, ban rage ko ɗaya ba.

Ta juya kofin a hannunta. "Kawu ya sani?"

"Ban tambaye shi ba, bai tambaye ni ba."

"Wallahi ku biyun nan! Shekara ashirin da bakwai kuna zagin juna, magana ɗaya ta gagare ku."

Ban musa ba.

A watan Mayu sabon matuƙin Eala ya kai mu, ranar da ba shi da baƙi. Shi ma a jirgi ya tsaya yana kallon sama. Muka ƙetara tudun, ni da sandata, Mairi rungume da tulun tokarsa. Teku ta ƙara cin wani layin. Na auna da ido daga inda bango yake a da, na nuna mata ruwan da ke ƙasa.

"Nan ne. Layi na biyu."

"Ba inda za a binne ai," ta ce, tana kuka.

"Babu. Zuba."

Ta zuba. Wani sashen tokar ya faɗa ruwa, wani iska ta maido shi kan ciyawa, don haka dai a ƙarshe ya taɓa ƙasar Marasay, in wannan abin ƙirgawa ne. Ni ban ƙirga shi ba. Da ƙafarsa ya so ya taka, cikin baƙin takalminsa.

Mairi ta ce in jefa almakashin ya bi shi. Na ƙi. Almakashi ne mai kyau, kuma da ya ga an jefa ƙarfe mai kaifi a ruwan gishiri, da sai na sha zagi. Yana nan rataye a kicin ɗina. Ina shafa masa mai.